Ranar Da Baba Ya Nome Ciyawar Mami

Shafi na 9

Assalamu alaikum. Ku yi mini afuwa, har yau in zan tura shafi sai na yi ta jinkiri. Ni ba marubuciya ba ce, mai son karatu ce kawai da ta yi karambani, wannan ne kuma labarina na farko. Masu cewa na cika jan rai, kun yi gaskiya, wannan shafin na rubuta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. 'Yar uwar da ta ce in aka taɓa Baba za ta daina karantawa, don Allah ki daure. In kun ga kuskure ku gyara mini a hankali, ina da saurin kuka.

Ga waɗanda suka shigo yau: Marka 'yar ƙauye ce da ƙanin mahaifinta ya ɗauko ta karatu birni. 'Ya'yansa Dadi suke ce masa, matarsa kuma Mami, ita ma haka take cewa. A makaranta ba wanda ya san Marka, Mimi aka sani, 'yar Dadi. Jiya da yamma Baba, mahaifinta, ya iso gidan ba sanarwa, aka sauke shi a ɗakin baya.

*

Tana cikin gugar farar rigar da za ta sa ta ji ihun Mami.

"Innalillahi! Wa ya yi mini wannan? Wa ya kashe ni?"

Marka ta kashe dutsen guga ta fito a guje. Lulu, 'yar Mami kuma sa'arta, ta riga ta isa baranda, ta dafe baki da hannu biyu.

Ciyawar gaban gidan ce. Koriyar nan shar da aka kawo a naɗe kamar tabarma a bayan babbar mota, ake ba ta ruwa safe da yamma, ake yi mata aski da inji, wadda ko da takalmi Mami ba ta bari a taka. Rabinta babu. An nome ta tas, an tara ta tsibi guda a gindin katanga. Inda take a da, jar ƙasa ce kwance layi-layi, kowane layi a miƙe sambal.

A tsakiya ga Baba. Ya naɗe ƙafar wando, ya rataye babbar rigarsa a kan fitilar lambu, fartanyar mai lambu a hannunsa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Yana ganinsu ya washe baki.

"Hajiya, an tashi lafiya? Ku yi haƙuri ban gama ba, rana ta yi mini sauri. Wancan gefen sai gobe in Allah ya kai mu."

Mami ta dafa ƙarfen baranda.

"Yaya... me ka yi?"

"Haba, ba komai, ai yi wa kai ne. Na idar da salla na rasa abin yi, na leƙo na ga ciyawa ta cinye muku fili. Na ce oh, Auta aiki ya yi masa yawa." Auta shi ne Dadi, Baba ne kaɗai ya rage mai kiransa haka. "Ga ƙasa mai kyau, ga ruwa har da famfo, amma ba mai nomewa. Mai lambun nan naku ku sa masa ido, rago ne. Sama-sama yake yanke ta, ba ya cire saiwa."

Dariyar da Lulu ke riƙewa ta kufce.

"Na ɗan zuba muku wake da kuɓewa," in ji Baba. "Irin namu ne na gida, ba ya ba da kunya."

"Yaya." Muryar Mami ta yi ƙasa, abin da ya fi ihunta tsoratar da Marka ke nan. "Yau ne fa liyafar gama jarrabawar yaran nan. A nan za a kafa rumfa. A nan za a yi hotuna. Ciyawar nan shuka ta aka yi. Sayo ta aka yi."

"Ciyawar?"

"Ciyawar."

"Aka sayo?"

Bai kalli Mami ba, Marka ya kalla, kamar yadda yake kallonta a da in an kawo takardar magani ta karanta masa. Ta gyaɗa kai.

"To ai ban ga kuna da ko akuya ba."

"Ba ci ake yi ba, Baba," Marka ta ce a hankali. "Kallo ake yi."

"Kallo."

Ya maimaita kalmar shi kaɗai. Murmushin ya tafi. Ya jingina fartanyar da katanga, ya dubi layukan, ya dubi tsibin ciyawar.

"To ai sai in mayar."

Ya durƙusa ya fara ɗebo ta dunƙule-dunƙule, yana jerawa a kan ƙasar, yana dannawa da tafin hannu. Wadda ya danna sai ta kife, saiwarta a sama.

A haka Dadi ya fito, waya a kunne. Ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon filin.

"Yaya, bar shi."

"Na yi maka ɓarna, Auta."

"Bar shi, na ce." Ya sake duban layukan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "Har yanzu ba ka buƙatar igiya wajen miƙar da layi."

Mami ta juyo.

"Abin da za ka ce ke nan? Igiya?"

Wayar Dadi ta sake ƙara. Ya kalle ta kamar wadda ta zo ceto, ya koma ciki.

Mami ta ƙwala wa direba da mai gadi kira, ta ce a fito da kafet ɗin falo da na sama da duk wanda aka samu, a rufe wurin. Sannan ta yafito Marka.

"Mimi, zo nan."

Ta ja ta bayan ginshiƙi.

"Ban ce masa komai ba don babba ne, kin gani da idonki. Amma ki ji ni da kyau. Yaran da za su zo yau, iyayensu da Dadinku suke hulɗa. Ke da bakinki kika ce musu ke 'yar gidan nan ce. Ban sa ki ba, ban kuma ƙaryata ki ba, har gaban shugabar makarantarku na amsa uwa."

"Na sani, Mami."

"To ki kai shi ɗakin baya ya zauna har a watse. A kai masa abinci can. In kika mayar da ni maƙaryaciya a gaban mutane, ki haɗa kayanki ku tafi tare. Jami'ar ma sai ya nome miki ita."

Ba ta rufe baki ba aka ji hon a ƙofa.

Doguwa ce, ƙawarsu ta aji, wadda ta yi alkawarin zuwa da wuri ta taya su ɗaure balan-balan. Kuma duk makarantar ba wanda ya kai ta baki. Ta fito daga mota ta tura gilashinta sama.

"Kai! Lulu, me ya sami filinku? Mota ce ta shiga?"

"Tambayi Mimi," in ji Lulu, tana share hawayen dariya.

Doguwa ta dubi Baba, wanda har yanzu yake durƙushe da ciyawa a hannu.

"Sannu, tsoho. Mimi, wannan fa? Sabon mai lambunku ne?" Ta karkata kai ta ƙare masa kallo. "Wallahi har kuna kama. Lulu, kalli goshin!"

Marka ta buɗe baki.

Kalmar tana nan, gajeriya ce, tun kafin ta iya tafiya ta iya faɗarta. Ta ji idon Mami a gefen fuskarta. Iska kawai ta fito.

Baba ya ɗago. Ya kalle ta sau ɗaya. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa.

"E, 'yata," ya ce wa Doguwa. "Mai lambu ne. Sabo ne, shi ya sa na yi ɓarna."

Ya ɗauki fartanyar ya juyo wajen Marka, ya ɗan rusuna.

"Ranki ya daɗe, ina zan ajiye wannan?"

Dariyar Lulu ta ɗauke.

Marka ta nuna bayan gida da yatsa. Ya ce to, ya zare rigarsa daga kan fitila, ya wuce.

*

Ɗakin baya yana manne da ɗakin janareta. Katifa ce a ƙasa, sai buta, sai tsofaffin tayoyin motar Dadi a jingine. Ta same shi ya wanke hannu da ƙafa, yana ninke kayansa cikin jaka. Takalminsa na roba yana bakin ƙofa, jar ƙasa ta kama shi dam.

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Baba, me ya sa ka ce haka?"

"Me na ce?"

"Ƙarya ka yi."

"Na yi. Allah ya yafe mini." Bai daina ninkin ba. "Na ga ta yi miki nauyi, na ɗaukar miki."

Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Da zan faɗa. Wallahi da zan faɗa, bakina ne..."

"Tashi, kar ki ɓata kayanki."

"Baba, ba ka gane ba. A makaranta su... sun ɗauka cewa ni..."

"'Yar Auta ce. Na sani."

Ta ɗago da sauri.

"Lulu ce ta gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ai ba yau na sani ba." Ya zuge jakar, zip ɗin ya maƙale, ya tsaya yana lallaɓa shi. "Bara bayan an cire amfanin gona na zo. 'Yar gonar nan taki ta bayan rumbu, wadda kike shuka gyaɗa, Innarki ta ci gaba da ita. Ta yi kyau. Ta ce lallai in kawo miki ki ɗanɗana. Ban zo nan ba, makarantarku na wuce, na ce in yi miki ba-zata."

Ta zuba masa ido.

"Na ce wa mai gadinku Marka nake nema. Ya ce babu mai wannan suna. Na ce siririya, mai ɗan tabo a haɓa. Ya ce au, Mimi, 'yar mai kamfanin nan? Kai wane ne nata?"

"Ka ce me?"

"Na ce ɗan aike ne daga ƙauye."

Ta rufe fuska.

"Sai na tsallaka titi na tsaya a inuwa har aka tashe ku. Na gan ki. Kin yi ƙiba, kin yi haske, kina dariya da ƙawayenki, kina tafiya kamar wadda ta san inda za ta. Na ce alhamdulillahi. Na ba direbanku saƙon na koma tasha."

Ta tuna ƙullin gyaɗar. Direba ya miƙa mata a mota ya ce wani ne ya kawo, Doguwa ta ce wace irin tsaraba ce wannan, ita kuma ta ɗaga kafaɗa ta ce ba ta san wanda ya aiko ba. Daga baya ta ɓoye ta ƙarƙashin gado tana ci ita kaɗai. Ko sau ɗaya ba ta tambayi direban kamannin mutumin ba. Ta san abin da ya hana ta tambaya.

"Innarki na ce mata na same ki lafiya, kin gaishe ta, kin ce gyaɗar ta yi daɗi." Ya yi ɗan murmushi. "Kin ga kin mayar da ni gwanin ƙarya da tsufana."

"To me ya sa ka dawo?"

"Ita ta matsa. Ta ce wannan karon in tambaye ki ko za ki zo hutu. Ta gyara miki ɗaki, har ta kori kajin."

Marka ta kawar da kai. Hutun nan Mami ta riga ta yi musu rajistar koyon tuƙi ita da Lulu.

"Zan ce mata karatu ya yi yawa," in ji Baba.

"Baba, ka yi mini faɗa mana!" Kukan ya ƙwace mata. "Ka zage ni. Ka ce na yi asara. Ka ce wani abu!"

"A kan me? Ni na kai ki tasha da hannuna, na ce je ki zama irin su. Kin zama." Ya rataya jakar. "Share fuskarki, Marka, baƙi za su ce an dake ki."

Rabon da wani ya kira ta da sunan har ta manta.

Ya zura ƙafa a takalmin.

"Bari in wanke maka shi."

"Bar shi. Ƙasar gidan ƙanina ce, in kai wa Innarki ta gani, ta fi tamu kyau." Ya ɗan yi tunani. "Abu ɗaya. In mai lambun gaskiya ya dawo, ki ba shi haƙuri, na zage shi a banza. Ki kuma ce masa in ba za su tone ba, ya rage ruwa. Wake ba ya son ruwa da yawa."

Aka ƙwanƙwasa. Lulu ce ta leƙo, ta ci kwalliya, ba ta iya haɗa ido da kowa ba.

"Mimi, Mami na kira. Mai hoto ya zo." Ta ɗan tsaya. "Baba... sannu da aiki."

"Yawwa, 'yar albarka. Ku je, kar a jira ku."

*

Kafin azahar gida ya cika. An kafa rumfa, an shimfiɗa kafet kala-kala a kan aikin Baba, an jera kujeru. Sai dai ƙasar a huɗe take, duk wanda ya zauna sai ƙafar kujerarsa ta nutse gefe guda. 'Yan mata masu dogayen takalma suna tafiya suna riƙe juna. Mami tana zagayawa tana cewa gyaran fili ake yi, ma'aikata ne suka makara.

Marka ta sa farar rigar. Ta gaisa da kowa. Wanda ya ce Mimi ta amsa.

Doguwa kuwa ta samu labari. Ta tara mutane a gefen teburin lemo, ta ɗauki cokali a matsayin fartanya, ta rusuna.

"Ranki ya daɗe, ina zan ajiye wannan?"

Aka kwashe da dariya.

"Wallahi sai kun ga fuskar Mimi! Ke, a ina kuka samo shi? Ku ba mu aro ya nome mana falo!"

Marka ta ɗaga kofi ta kai baki, ba ta sha ba.

Ta tsakanin labulen rumfar ta hango shi. Ya bi ta jikin katanga, ta bayan motoci, inda ba za a gan shi ba. A ƙaramar ƙofa Dadi ya tare shi. Ba ta jin abin da suke cewa. Ta ga Dadi ya nuna mota, Baba ya girgiza kai. Dadi ya karɓi jakar, Baba ya karɓe abarsa. Ya dafa kafaɗar ƙanin nasa, ya fita.

Dadi ya tura ƙofar. Bai dawo nan da nan ba. A ƙarshen wani layi da kafet bai kai ba ya tsuguna, da shaddarsa da agogonsa, ya danna wata ƙwayar wake da ta fito fili da babban yatsa, ya ja ƙasa ya rufe. Sannan ya miƙe ya waiga ko an gan shi.

"Iyayen gida su shigo!" in ji mai hoto. "'Yan matan gida biyu, ku sa babanku a tsakiya. Yawwa. Hajiya, matso kaɗan. Murmushi!"

Dadi ya dafa kafaɗar Lulu da hannu ɗaya, ta Marka da ɗayan. Fitila ta haska. Aka tafa.

Da ya ɗauke hannun ta dubi kafaɗarta. Shatin yatsu, ja, a kan farar rigar.

"Baffa," ta ce.

Ya juyo a firgice. Tun shekarar da ta zo gidan ba ta sake kiransa haka ba.

"Ta wace hanya ake zuwa tasha?"

Ya buɗe baki, wani baƙo ya riƙo hannunsa yana taya murna, aka ja shi.

Daidai nan aka turo kek ɗin liyafar a kan tebur mai taya, tayoyin suka nutse, samari suka taru suna ɗagawa, kowa ya juya can yana ihu yana ɗaga waya. Mami tana gaba tana cewa a hankali, a hankali.

Marka ta ja da baya. Ta sake ja. Ta sauka daga bakin kafet, takalmanta masu tsini suka shige ƙasa suka kafe. Ta ja, suka ƙi. Ta zare ƙafafunta ta bar su nan a tsaye.

Ƙasar da sanyi, da laushi.

Ta bi bayan rumfa, ta bi bayan motoci. Mai gadi yana can babbar ƙofa yana faɗa da direbobi a kan wurin ajiye mota. Ta murɗa hannun ƙaramar ƙofar ta fita.

Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa taka layin nan da ƙafa ba. Kullum a bayan mota, gilashi a rufe. Ta dubi dama, katangu ne. Ta dubi hagu, katangu ne. Babu kowa.

Ta sunkuyar da kai. A kan simintin gefen titi ga sawun takalmin roba, ja, ɗaya bayan ɗaya, ya yi hagu. Yana nisa yana dusashewa.

Ta ja ƙofar a hankali har ta ji ta kulle kanta. Daga waje ba ta buɗuwa. Ta san da haka.

A ciki aka rage kiɗa, lasifika ta yi ƙara.

"Ina Mimi? Mimi 'yar Dadi, fito ki riƙe wuƙa!"

Marka ta tattare rigarta ta bi sawun.